Ƙanena Mai Share Gurabe

Ni na laƙaba masa Tsintsiya, kuma har yau ban ba shi haƙuri ba, don ya ci sunan. Ƙanena ne, shekara shida na ba shi. Tun yana ƙarami, in ka sha ruwa ka ajiye kofi a bakin tebur, kafin ka juya ya matsar da shi tsakiya, kuma ba zai ce maka ka daina ba. Gobe ka sake, ya sake matsarwa. Da ya girma ya samu aiki a wata maɗaba'a, shi ne mai duba rubutu kafin a buga. Gidanmu ɗaya: shi da matarsa da 'ya'yansu mata biyu a sama, ni da shagon ɗinkina a ƙasa.

Shekara tara ke nan da ya faɗa aikin wiki, kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya shiga ya rubuta. Aikin sa kai ne, babu wanda ya aike shi. Ni ban nemi sanin kan abin ba, shi ya dame ni da bayani ina kan keken ɗinki har na haddace ba da son raina ba.

Ga yadda abin yake. In an rubuta tarihin mutum, akwai akwatin bayani a gefen shafin: suna, ranar haihuwa, sana'a, ranar rasuwa. Ba da hannu ake zana akwatin ba. Akwai samfuri, kamar fom ɗin asibiti, marubuci ya cika guraben kawai. A bayan samfurin kuma akwai wani rubutun umarni na kwamfuta, mojul suke ce masa, shi ke karɓar abin da aka cika ya jera a shafi. To ita kwamfuta ba ta da wayo ko na ƙwabo. Mutum yana raye, marubuci ya bar gurbin rasuwa babu komai, amma yatsansa ya taɓa maɓallin tazara sau ɗaya, sai ta ɗauka an rubuta wani abu, ta buga "Rasuwa" a shafin bawan Allah da ransa da lafiyarsa. Haka aka yi wa wani tsohon malamin makaranta, har mutane suka yi ta kiran 'yarsa suna ba ta haƙuri, shi kuwa yana zaune a gefenta yana shan shayi.

Wannan labari ne ya kama Tsintsiya. Ya zauna ya rubuta nasa mojul ɗin, layi talatin. Duk abin da aka cika sai ya fara bi ta hannunsa: ya datse tazarar gaba da ta baya, in bai ga saura ba ya jefar da gurbin kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Abin ya yi kyau, ba zan hana shi wannan ba. Kan ka ce me, masu samfurin garuruwa sun jona nasu, masu na koguna, na 'yan ƙwallo, na magunguna, kowa ya rataya kayansa a kan layi talatin ɗin ƙanena.

Sai halin mutane ya fito. Ashe ɗan Adam ba ya iya ganin gurbi ya wuce shi. Wani ya ja ɗan layi a ciki, wani ya sa alamar tambaya. Wani ya rubuta "ban sani ba", wani "yana raye". Akwai wanda ya rubuta "tukuna", shafin wani alƙali ya kwana uku yana cewa "Rasuwa: tukuna". Na yi dariya har na ɗinke hannun riga a baibai.

Na ce masa, "To ka gaya musu su daina mana."

Ya ce, "Yaya, mutanen nan lokacinsu suke bayarwa kyauta. In na yi musu magana za su ji ba daɗi, wasu su gudu."

Sai ya buɗe jeri a cikin mojul ɗin: duk kalmar da ke cikin jerin, a ɗauke ta tamkar babu komai, a share. Ya fara da goma. Da shekara ta zagayo sun kai ɗari. Tunda duk abin da mutum ya zuba ba ya fitowa a shafi, babu wanda ya san yana ɓarna, sai suka ci gaba da zubawa hankalinsu kwance. Sannan ga wata rigimar: "babu" a gurbin rasuwa shara ce, amma "babu" a gurbin yawan waɗanda suka mutu a hatsarin jirgi amsa ce, kuma amsa mai daɗi. Ya buɗe jeri na biyu na inda ba za a share ba. Daga baya ya buɗe na uku don gyara rikicin na biyu. Bai rubuta dalilin ko ɗaya ba, duk suna cikin kansa.

Haka abin ya zame masa ƙarfen ƙafa. Kullum da safe kafin ya tafi aiki, yana kan ɗan teburinsa na jikin taga, kwamfuta a kan ƙamus biyu don ta yi tsawo, shayi na hucewa, yana duba sababbin abubuwan da aka zuba tun jiya. Lokacin cin abincin rana a maɗaba'a, abokan aiki na hira, shi yana kan waya. Kalmomin jerin suka haura ɗari shida, shafukan da ke bi ta kansa suka kai dubu arba'in. Bikin ɗiyar ƙanwarmu, a mota ya zauna rabin yini yana neman sabis ɗin waya. Matarsa tun tana magana har ta gaji ta zuba masa ido.

Ni na fara lura da idon. Yana shigowa shagona sai kafaɗarsa ta hagu ta bugi ƙyauren. Sau ɗaya, sau biyu, na ce gaggawa ce. Ranar da ya ture mini gwangwanin maɓallai da ke gefensa na hagu, ya kuma rantse bai gan shi ba, na rufe shago na ja shi asibiti.

Likitar ido ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya fara tafiya daga gefe. Aka gwada maganin ɗigawa wata biyu, bai riƙe ba. Ta ce sai aikin tiyata, kuma da wuri, don abin da ciwon ya ci ba ya dawowa. Bayan aikin zai yi kamar sati shida yana gani dishi-dishi, ba karatu, ba kwamfuta.

Ni "ba ya dawowa" na ji. Shi kuwa ya ce, "Sati shida, likita?"

Wallahi kamar in mare shi a gabanta.

Aka sa rana, ya ɗaga, wai bari ya rubuta bayanin jerin don wani ya riƙe masa. Aka sa ta biyu, ya ɗaga, wai masu samfurin magunguna sun canza gurabe, in ya tafi yanzu adadin ƙwayoyi zai riƙa ɓacewa daga shafuka. Na hau sama na same shi ya ƙara girman haruffa har kalma huɗu ke cika layi, ya karkatar da kai yana kallo da idon dama.

Na ce, "Kai, Tsintsiya, wai ubanmu ne ya bar maka wikin nan gado?"

Ya ce, "Yaya, ba ki gane ba. In na bar shi sati ɗaya, za a wayi gari an kashe mutum ɗari da ransu."

"A kashe su mana a rubuce! Kai idonka ake kashewa da gaske."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, a hankali, "Kin ɗauka ina so ne? Na gaji, Yaya. Tun shekara uku na gaji. Duk safiya in na buɗe sai gabana ya faɗi. Amma ni na ɗaura abin nan, babu wanda ya san inda bakin zaren yake."

Na daɗe ina zaton daɗin abin yake ji.

Akwai mutum ɗaya a wikin da ta iya irin wannan rubutun, wata malamar lissafi a wani gari mai nisa, ba su taɓa haɗuwa ba. Na tsaya a kansa sai da ya kira ta, ya buɗe murya ina ji. Ta saurari bayaninsa kusan minti ashirin ba ta katse shi ba.

Sannan ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, jerin nan shi ne ciwon. Ni ba zan iya riƙe shi ba, babu mai iyawa. A goge shi. Mojul ya datse tazara, ya zubar da gurbin da babu komai, shi ke nan. Duk wanda ya rubuta shirme a gurbin kwanan wata, jan rubutu ya fito masa a shafi ya gani da idonsa."

Ya ce, "Shafi dubu goma sha ɗaya fa za su yi ja. Mutane za su ji kunya."

Ta ce, "Su ji."

Ya yi mata godiya da ladabi, ya kashe waya, ya ce yarinyar ba ta san mutane ba. Ya ɗaga rana ta uku.

Ƙaramar 'yarsa ce ta kawo ƙarshen zancen. Wata safiya ta sauko shagona tana kuka da takardar sakamakon jarrabawa a hannu, wai Baba ya ƙi kallonta. Ta zo ta ɗaya a ajinsu, ta tsaya a gefen teburinsa tana miƙa masa takardar shiru don ta ba shi mamaki, ta tsaya har hannunta ya gaji, bai juyo ba. Na ce wane gefe kika tsaya? Ta nuna hagu.

Ban yi sallama ba. Na shiga, na rufe kwamfutar a kan yatsunsa, na tumɓuke waya daga bango, na sauko da ita na kulle a kabad ɗin yadudduka. Ya biyo ni har ƙasa yana "Yaya, Yaya". Na nuna masa 'yarsa a kan benci, na gaya masa abin da ya faru. Ya zauna kusa da ita ya karɓi takardar, ya kai ta dab da fuskarsa.

Kwana biyu kafin aikin ya cika takarda goma sha huɗu da biro, ƙa'idojin jerin nan uku, wace kalma a wane gurbi, da roƙon kada a taɓa komai sai ya dawo. Ni na ɗauki hotunansu na tura wa malamar lissafi. Amsarta kalma biyu: "Na gani."

Aka yi aikin. Da aka cire bandeji, likita ta haska ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce sun tsayar da ciwon, amma kaɗan suka tarar a na hagun. Na dama za a tsare shi da magani har ƙarshen rayuwa. Ba ta ce "da kun zo da wuri" ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Sati shidan nan a shagona ya yi su, a kan kujerar masu jiran ɗinki, da baƙin tabarau. Kullum sai ya ce, "Yaya, ko kin ji wani abu?" In ce ni tela ce, me zan ji. Wani lokaci in ga leɓɓansa na motsi, ashe jerin yake bita don kada ya manta.

Ranar da likita ta ba shi izini na fito da kwamfutar na ɗora a kan teburin yanka. Hasken ya dame shi, ya ce in karanta masa. Ya gaya mini inda zan shiga.

Na ce, "Layi talatin da huɗu nake gani."

"Ki gangara ƙasa, jerin yana ƙasa."

"Babu ƙasa. Nan ya ƙare."

Sannan ya ce in buɗe shafin tattaunawa na marubutan wikin. Malamar ta rubuta komai a fili. Washegarin aikin idonsa ta goge jerin ukun, ta sa jan rubutu mai cewa wannan gurbi na kwanan wata ne, a sa kwanan wata ko a bar shi babu komai. Shafi dubu goma sha ɗaya suka yi ja, kamar yadda ya faɗa. Aka yi kwana biyu ana ƙorafi. Daga nan marubuta suka raba aikin a tsakaninsu, masu garuruwa suka ɗauki nasu, masu 'yan ƙwallo nasu. Babu wanda ya gudu. Wani ma ya rubuta a ƙasa, "Ashe shekara da shekaru ɓarna muke yi? Ai da an gaya mana da tuni mun daina." Na so in tsallake wannan layin, amma bakina ya riga ni.

Ya ce, "Saura shafi nawa masu ja?"

"Babu ko ɗaya."

"Kwana nawa suka ɗauka?"

Na duba kwanan watan farko da na ƙarshe, na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa ko zan samu ƙari. Na ce, "Sha tara."

Ya gyaɗa kai. Daga ranar da likita ta fara cewa a yi aiki zuwa ranar da aka yi, wata goma sha huɗu ne, kuma na san shi ma lissafin da yake yi ke nan. Na tanadi faɗa mai yawa don wannan rana, na neme shi na rasa. Tausayinsa ya cika ni.

Ya cire baƙin tabaran ya ajiye a cinya. Ya sa tafin hannu ya rufe idonsa na dama, ya juyo da fuskarsa wajen da nake zaune, taku biyu tsakaninmu, ga hasken rana cike da shagon.

Ya ce, "Yaya, kina nan?"