Ramatu da kifin da na yi shekara uku ina soyawa

Shekara tara ke nan da muka binne ƙanwata Ramatu a Manchester, kuma har yau idan mutane suka tambaye ni aikin da ta yi a duniya, sai na ɗan yi jim kafin in amsa. Idan na ce kifin shak, babban kifin nan na teku, take karewa, dariya ake yi. Ni ma na yi mata wannan dariyar.

Mu 'yan Yauri ne, mahaifinmu masunci. Ruwan da muka sani kogi ne, teku kuwa sai a hoto. Da Ramatu ta samu gurbin digiri na uku a jami'a, ta kama hayar ɗan ƙaramin flat a unguwar Gorton ta Manchester, na ɗauka tarwaɗa ko ragon ruwa za ta karanta. Ni a lokacin ina Birmingham. Council, wato ƙaramar hukuma, sun rufe cibiyar matasan da nake aiki a shekarun tsuke bakin aljihu, sai na haɗa gwiwa da wani abokina, Malam Idi, muka buɗe shagon soya kifi da dankali a unguwar Sparkhill, can Birmingham ɗin.

Wata Asabar na kai mata ziyara, ta ja ni ɗakin bincikensu. Ta zazzage wani buhu a kan tebur, abubuwa busassu masu kusurwa uku suka warwatsu, suna wari kamar tsohuwar fata. Ta ce fukafukan shak ne, an kawo musu su gano irinsu. Sannan ta nuna mini bidiyo. Wasu mutane a jirgin ruwa sun jawo kifin, suka yanke masa fiffiken baya da na gefe yana numfashi, suka tura shi cikin ruwa da ƙafa. Ya yi ta juyawa yana nutsewa, ba abin iyo. Duk don a yi miya. Gani ya kori ji. Na girma cikin jinin kifi, amma ban taɓa ganin an zubar da halitta da ranta haka ba. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, ta ce doka a lokacin ta yarda matafiyi ya shigo da fukafukan cikin akwatinsa.

Na koma gida ina tsine wa mutanen nesa. Bayan wata biyu ta zo Sparkhill, ta ci abinci a shagonmu, ta naɗe ɗan yanki na wani kifi a leda ta tafi da shi. Dillalinmu yana kawo shi a feɗe, ba kai ba fata, da sunan rock, kuma masu saye suna rububinsa. Ranar Laraba ta bugo waya.

"Yaya, kana zaune? Rock ɗin nan naku shak ne. Irin da ya kusa ƙarewa a tekun nan."

"Ke Ramatu, ki ji tsoron Allah. Shekara uku ina soya shi."

"Na gwada sau biyu, Yaya. Da na so a ce ni ce na yi kuskure."

Na tsaya da mataci a hannu har mai ya fara hayaƙi. Rashin sani ya fi dare duhu. Washegari na goge sunan daga allon shago. Malam Idi ya ce ba haram ba ne, ba kuma laifi a doka, kuma mutanen da aka yanke wa tallafi arha suke nema, ba wa'azi ba. Yana da gaskiyarsa. Muka yi wata shida muna ja-in-ja, daga baya muka raba gari, ya tafi unguwar Handsworth, kuma gaisuwa ce kawai ta rage tsakaninmu.

Ita kuwa ba ta ji daɗin wannan rabuwa ba, amma ba ta janye maganarta ba. Ta ci gaba da bin shaguna a bas tana sayen kifi tana gwadawa, ko bayan da aka datse tallafin bincikensu aka sallami rabin abokan aikinta. Tana da sikila tun haihuwa. Sanyin wani hunturu ya tayar mata da ciwon, kwana huɗu a asibiti, Allah ya karɓi abarsa tana da shekara talatin da ɗaya. Kundin digirin bai kammala ba.

Da tana raye, me za ta ce yau? An kafa dokar hana shigo da yankakkun fukafukan cikin ƙasar nan, abin da ta yi ta rubuta wa 'yan majalisa a kai. Na san za ta yi murna na yini ɗaya. Kashegari za ta tuna mini cewa teku ba shi da ƙofa, jiragen suna can suna aikinsu, kuma har yanzu ana sayar da naman da sunaye masu daɗin ji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ita ma ta sani.

Abin da ta bari ba shi da yawa. Akwai yaya guda, wato ni, da ba ya karɓar kifi sai ya san sunansa na gaskiya, da littattafan rubutu huɗu da abokiyar aikinta ta miƙo mini bayan addu'ar uku. Sai bara na iya buɗe su. A shafin ƙarshe na tarar da jerin garuruwan bakin teku da take son zuwa idan ta gama, babu ko ɗaya da ta soke alamar ta je. A nan na gane cewa duk shekarun nan, guntaye da busassun fukafukai kawai ta taɓa riƙewa. Ramatu ba ta taɓa ganin shak mai rai a cikin teku ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.