Akuyar Aro

Shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Yamai na yaye ɗiyata ta fari, ba don lokacinta ya yi ba, sai don na samu wani ciki. Muna Agiye, maigidana yana koyarwa a lakol, kullum kunnensa manne da rediyo. Ranar yayen surukata ta ɗaura wa yarinyar zare a ƙugu, ta ce da shi za mu gane ko jiki na ƙaruwa. Cikin wata guda zaren ya fara zamewa har cinya. Duk lokacin da na tuɓe ta zan yi mata wanka sai in ga ya ƙara sauka.

Kowa a gidan da jam'iyyarsa, kamar yadda ake yayi a lokacin. Maigida yana bayan madarar gwangwani, don kawai akwai hoton jariri mai kumatu a jiki. Surukata tana bayan kunun gero zalla. Yarinya ta ƙi su duka: madarar ta sa ta zawo, kunun kuma ta furzar mini a fuska.

Akwai wata dattijuwar Bafulatana daga wajen Gangara da ke kawo mana nono ranar kasuwa, Inna nake ce mata. Wata rana ta kalli zaren nan a jikin yarinyar. Kasuwa ta gaba sai ga ta da jar akuya, 'yarta tana biye.

"Habbanaye ne, ɗiyata," ta ce. "Aro. Ki tatsa, ki dafa, ki ba ta."

Na ji aro na gane, ban tsaya tambayar sauran ba.

Yarinya ta sha har da lasar ludayi. Na riƙa dama mata kunu da madarar, ina zuba garin gyaɗa, wani lokacin da ɗan zogale daga bayan gida. Daɗi ya kama ni, sai zari ya biyo baya. Na ɗaure 'yar akuyar can bayan rumbu, ina tatse uwar tas safe da yamma. 'Yar tana kuka ina ji, ko a jikina. Ba a yi kwana ashirin ba madara ta ja baya, akuyar ta koma harbin ƙwarya. Na cika fam, na zauna jiran Inna in faɗa mata ta kawo mini tsohuwar akuya.

Da ta zo, ko gaisuwa ba mu ƙare ba ta zarce bayan rumbu. Ta shafa haƙarƙarin 'yar akuyar, ta juyo.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Inna, ai ɗiyata mutum ce."

"Ita ma uwar ta san tata. Nono ɗaya naki, ɗaya na 'yarta. In ba ki iyawa, in tafi da su yau."

Na yi ƙunƙuni, amma na bi, don tsoro. Madarar ta dawo sannu a hankali, ba da yawa ba, daidai cikin yarinya. Kafin in haihu zaren ya matse ƙugu har yana barin shaida, surukata ta sa reza ta yanke shi tana dariya, tana cewa kununta ne ya yi aiki. Maigida ma ya nemi rabonsa na yabo, na ƙyale su.

Da Inna ta zo karɓar aronta, na kwance akuyoyin biyu na miƙa mata igiyoyin, ina ta godiya. Ta riƙe ta uwar, ta mayar mini da ɗayar.

"Ba ki san habbanaye ba ke nan? Uwa ita ke komawa. Wagga ta yarinya ce tun ranar da na shigo da su."

Na kalli 'yar akuyar da na kusa kashewa da yunwa, ga ɗiyata ta kama kunnenta tana ja. Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai. Na shiga ɗaki na ɗauko yankakken zaren nan, na ɗaura wa 'yar akuyar a wuya.