Ka karanta hannuna a cikin gurasa, Yaya Ding

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, Allah ya yi wa Ding Baoshan rasuwa a shagonsa na romon rago da ke unguwarmu ta Musulmi a birnin Xi'an na ƙasar Sin, yana da shekara sittin da ɗaya. Ya faɗi ne a gaban tukunya da hantsi, likita ya ce zuciya ce. Ni na baro shagon da ƙarfe tara, ban ma gama baje zane-zanena a bakin titi ba waya ta same ni. Sau uku na sa aka maimaita mini sunan, har mai kiran ya fara jin haushina. Yau kwana huɗu, har yanzu maganar ba ta zauna mini ba.

Yaya Ding, shekara ashirin da shida ina karyawa a wurinka. Kwanonka ya fi na kowa araha a layin, shayi kuma ba ka taɓa sa masa kuɗi ba. Shi ya sa mu masu zanen bakin titi muka mai da shagon gidan ubanmu. Duk zanen da ya ƙi sayuwa bangonka yake komawa, sai ka ce an ɓata maka fenti, amma ko ɗaya ba ka taɓa cirewa ba.

Kowa da hannunsa yake gutsuttsura gurasarsa a kwano, a maƙala masa lamba, a miƙa maka ta 'yar taga ka zuba romo. Kai lambar ba ta dame ka ba. Da ka kalli gutsattsarin ka san mai shi. Na masu gaggawa ka kan ce abincin agwagi ne. Nawa kuwa ƙanana ne kamar ƙwayar wake, abin da nake taƙama da shi ke nan bayan buroshina.

Shekara huɗu da suka wuce, wata safiya ka fito daga kicin da kwanona a hannu, kai da ba ka barin tukunya ko gwamna ne ya shigo.

"Feng, wa ya yi maka wannan aikin? Jikanka?"

Na ce ni ne, sauri nake yi.

"Ƙarya kake, mai zane. Sati uku ke nan gutsattsarin gurasarka suna ƙara girma. Miƙo hannun nan."

Na miƙa, yatsuna biyu suna rawa. Na daɗe da sani, na ɓoye wa matata, domin mai zane in hannu ya tafi, abincinsa ya tafi. Ka rantse ba za ka ƙara zuba mini romo ba sai na kawo takardar asibiti, kuma ka cika. Kwana tara ina cin na maƙwabcinka mai kama da ruwan wanki kafin na haƙura na je. Aka ce jijiya ce ta danne a wuya, da na ƙara wata shida da sai dai labari. Aka yi aiki, hannu ya dawo. Da shi nake rubuta wannan.

Akwai maganar da na kasa faɗa a maƙabarta, ita ce take cina. Wurin zamana ne kaɗai yake kallon cikin kicin ta tagar nan. Tun farkon wata na ga ka shigo da kujera, kai da ban taɓa ganinka a zaune a bakin aiki ba. Na ga kana zama tsakanin kwano da kwano, kana murza kafaɗar hagu, kana haki. Matarka Guifang tana bakin ƙofa da masu shigowa, ba ta gani. Ni na gani. Abin da na iya yi shi ne tsokana.

"Lallai Yaya an zama manya, a zaune ake girki yanzu?"

Ka ce, "Ci abincinka, tsohon banza."

Na yi dariya na ci, sati biyu cur, har da safiyar Talatar.

Matar yaya, Guifang, da ke da 'yarku Xiaoyue, ina yi muku ta'aziyya, ina kuma neman gafararku. Kun ce ba wanda ya ga alama, na yi shiru a gabanku saboda kunya. Na san kwana idan ya ƙare ba mai ƙara shi, liman ma ya tuna mana. Amma Yaya Ding bai tsaya yin wannan lissafin ba a kaina, ya hana ni abinci sai da na ga likita, ni kuwa ko sau ɗaya ban ture kwanona na ce ba zan ci ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya Ding, ya yalwata kabarinka, ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu. Allah ya ba iyalinka haƙuri. Ni kuma Allah ya yafe mini abin da na gani na yi dariya. Amin.