Faifai na Biyar

Shekara talatin da ɗaya Mai Majigi ya yi a ɗan ɗakin saman silima, ɗakin da ba ya cin mutum biyu sai ɗaya ya karkace. Aikinsa ɗora faifai a inji, in zaren fim ya tsinke ya datse da almakashi ya liƙe da gam kafin 'yan kallo su fara yi masa ihu. Mutum ne mai zafin rai, har matarsa kan ce injin ya fi shi saurin hucewa.

Cikin finafinan duka, ɗaya ya riƙe a zuciya: wani tsohon fim marar kala, labarin malamin makaranta da aka zaɓa ya shiga majalisar gari. Manya suka kawo masa takardar sayar da rijiyar unguwa, ya yaga ta a gabansu, jama'a suka ɗaga shi sama. Faifai huɗu ke nan. A na biyar malamin ya gaji, ya karɓi makullin sabon gida, ya sa hannu. Sau ɗaya Mai Majigi ya kalli wannan faifan, ransa ya ɓaci, ya cusa shi ƙarƙashin gado. Tun daga ranar, da an ɗaga malam sama sai ya kunna fitilu, kowa ya tafi gida da murna.

A kan wannan fim ɗansa na fari ya tashi. Da ya shiga siyasa, maganganun malamin yake juyewa a gaban taro, uban yana can baya yana share hawaye. Ya ci zaɓe, ya zama shugaban majalisar gari. Lokacin silima ta riga ta koma sito, an bar wa tsohon injinsa da faya-fayansa.

Ba a rufa shekara biyu ba aka kewaye filin wasan firamare da kwano, wai gidan mai za a gina. Sa hannun wa? Na ɗan nasa. Mai Majigi ya je ofis, aka shanya shi a benci awa uku kafin a shigar da shi wajen ɗan.

"Baba, ba za ka gane yadda abin yake ba," in ji ɗan, idonsa na kan waya. Sannan, ko kunya babu: "Ran Asabar za mu yi taron cika shekara biyu. Ka kawo mana fim ɗinmu, mutane na son sa."

Da Mai Majigi ya koma gida ya durƙusa ya jawo faifai na biyar daga ƙarƙashin gado, ya hure ƙura.

"Maigida, ɗanka ne fa," matar ta ce. "In ka kunyata shi cikin mutane, ba zai ƙara taka gidan nan ba."

"Na sani."

Ran Asabar da hantsi aka toshe tagogin zauren taro da barguna. Shugaba na kujerar gaba, manya na dama da hagu. A cikin fim malam ya yaga takarda, zaure ya ɗauki tafi, Shugaba har ya miƙe zai ɗaga hannu. Amma ba a kunna fitilu ba. Mai Majigi ya ɗora faifai na biyar.

Aka ga makulli, aka ga sa hannu, aka ga mata da bokitai tsaye a bakin rijiyar da aka rufe. Can baya wata ta ce, "To, ga filinmu nan."

Ɗan ya iso wajen inji, fuska a murtuke, ya rage murya.

"Baba, wannan ba fim ɗinmu ba ne."

"Shi ne. Ni na ɓoye maka ƙarshensa don kada ka koya. Ashe da na nuna maka, da ka san abin gudu."

Ɗan ya juya ya fita, manya suka bi shi. Mai Majigi bai kashe injin ba sai da zaren ya ƙare.