Ranar da Na Tare Garmar Baba

Ko zan manta komai a duniya, ban da safiyar da na tsaya gaban shanun huɗar Baba a gonarmu ta Ruwan Godiya.

Lokacin ina karatun ilimin tsirrai a jami'a, na zo hutu. Ruwa ya ɗauke bayan shuka har kusan sati uku. Dawarmu ta nannaɗe ganye, ga wasu busassun ɗige-ɗige a jikinsu. Kuma ba kowace dawa ba ce, irin kakata ce, mahaifiyar Baba, wadda duk shekara take zaɓen zangarniya da hannunta ta rataye a rumbu. Ta rasu da rani, Baba ya shuka irin duka, ko tsaba bai rage ba.

Da aka yi ɗan yayyafi, sai wani Alhaji maƙwabcin gonarmu ya ce, "Malam, ga fari ga ciwo, me kake jira? Kife ta ka sa wake."

Washegari Baba ya ɗaura garma. Ni kuwa da ɗan banzan taurin kai, na ruga na tare gaban shanun.

Baba ya ce, "Ke, lafiyarki?"

Na ce, "Baba, don Allah saurare ni. Dawar nan ba ta mutu ba. Akwai wani sinadari a jikinta, furotin muke ce masa, aikinsa kamar na mai gadi. In ƙishi ya zo, shi ke ba da umarni a rufe ƙofofin ganye kada ruwa ya tsere. In cuta ta shigo, ya sa a kashe ɗan wurin da ta sauka. Ba ku ƙona gefen gona don tare wutar daji? To, ɗige-ɗigen nan ke nan."

Alhaji, da ke tsaye a bakin gonarsa, ya tuntsire da dariya. "Ikon Allah! Yau ƙwai ke koya wa kaza wayo."

Baba ya tsuguna, ya buɗe tsakiyar kara guda, ya tarar da ita koriya shar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kwance shanunsa.

Kwana biyar ban ji daɗin tuwo ba, don in na yi kuskure, na jawo mana asarar wake ga ta dawa. Rana ta shida hadari ya haɗo daga wajen garin Sabuwa, aka sheƙa ruwa. Kafin Juma'a ganye ya ware.

Da kaka, a kasuwar 'Yankara, da kunnena na ji Baba yana ce wa mutane, "Ɗiyata ta ceci irin tsohuwa." Wallahi har yau in na tuna, kaina sai ya yi girma. Alhajin ma da kansa ya zo roƙon iri, Baba ya ce masa, "Je ka tambayi ƙwan."

Tun daga ranar na koyi cewa ba duk wanda ya naɗe ba ne ya mutu, wani jimrewa yake yi. A duba zuciyarsa tukuna kafin a sa masa garma.