Malam Dauda da Littafin Takardar Siminti

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ko shayi ban kai baki ba, 'yarsa Hajiya Rabi ta kira ni a waya. Malam Dauda ya rasu.

Sanarwar da ake ta turawa layi ɗaya ce, wai tsohon malamin firamare ya rasu a Badarawa. Har na ga wani yaro ya rubuta a ƙasa cewa bawan Allah ya yi ritaya ko hedimasta bai zama ba.

Yaro, zauna in gaya maka dalili.

Ina 'yar shekara bakwai, Turawa ba su tafi ba tukuna, aka sa ni makaranta a Abakpa. I'ina gare ni mai tsanani. In aka ce in yi karatu sai in kwasa da gudu don kada harshena ya sarƙe, numfashi ya ƙare mini a tsakiya, aji ya fashe da dariya. Hedimasta ya kira Baba, wanda masinja ne a ofishin gwamnati, ya ce a mayar da ni gida, benci kawai nake tarewa. Baba bai saba musu da masu biro ba. Ya ce to, in an yi hutu shi ke nan.

Malam Dauda ya ce bai yarda ba.

Lokacin saurayi ne siriri, kullum yatsunsa da tawada. Takardun siminti yake tsintowa wurin magina, ya yanka, ya ɗinke da basilla, ya zana mana littafi. Mai ga-ruwa ne a ciki, yana tafiya a kan layin rubutu da garwa biyu. In ya zo waƙafi sai ya sauya kafaɗa. In ya zo aya sai ya sauke ya huta. Alamar tambaya kuwa wata tsohuwa ce da ta duƙa tana leƙen tukunyar maƙwabta.

Ni har sanda ya ɗora mini a kafaɗa kamar ta mai ga-ruwan. "Binta, wa ya biyo ki? Sauya kafaɗa mana. Yauwa. To sauke, sha iska."

Hedimasta ya ce shirme ne, ya kulle littafin a kabad. Ranar Litinin Malam ya zo da sabo. Aka kulle. Ya sake zanawa.

Ranar da sifeton makarantu ya zo, aka tura ni bayan aji, aka ce kada in kuskura in buɗe baki. Sifeto ya ce a ba shi yaro ɗaya ya yi karatu. Hedimasta na shirin nuna ɗan gaban goshinsa, Malam ya riga shi: "Binta, taso."

Na taso. Babu sanda, amma kafaɗata da kanta take motsi. Na karanta shafi guda, sau ɗaya na sarƙe, na sauke, na ci gaba.

Ba a kore ni ba. Malam aka rubuta wa takardar rashin ladabi, ta bi shi a fayil har ya bar aiki. Ni kuwa na zama malama, har na shugabanci makaranta. Kujerar da aka hana shi saboda ni, ni na zauna a kanta, kuma har gobe abin yana ci mini rai.

Da babbar salla na je gaishe shi. Ido ya tafi. Na shiga faɗan yadda aka zalunce shi, i'ina ta taso mini. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya Binta, har yau gudun dai? Sauke garwar nan."

Shi ya yafe tun tuni. Ni dai sai na faɗa.

Ya Allah, Malam ya sauke kayansa, Ka hutar da shi. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce da gudu. A tsaya a yi masa addu'a. Yaro, har da kai.