Tuwon Jirgin da Ban Ci Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka binne Yaya Sale a Toranke, kuma sai bana na iya faɗin abin da ke raina. Masu rubutu irin wannan sukan ce marigayi ya bar musu kewa. Ni ya bar mini kewa da kishi, kuma kishin ya girmi kewar nesa ba kusa ba.

Yaya Sale kuku ne a tsohon jirgin ƙasan nan mai tashi daga Kano zuwa Ikko. Ni ce ƙanwarsa mai bi masa, Talatu. A gindin murhu ɗaya muka tashi, kuma in za a yi gaskiya na fi shi iya miya, Inna ma ta sha faɗi a gabansa. Amma shi namiji ne. Wani kawunmu mai aikin reluwe ya ja shi Kano, aka ba shi farar riga da hula. Ni kuwa na yi aure a Gaya, ina koyarwa a firamare, ina fama da kalwa da turmi.

Duk wata sai na dafa kalwa, na surfe, na rufe ta har ta nuna, na daka, na shanya, sannan na cika kwando da daddawa na ba direban motar Gaya ya kai masa tasha. Kuka da busasshiyar kuɓewa daga gonarmu ta Toranke suke zuwa. Amma a bakin fasinja, sunanta miyar Sale.

Da Sallah yakan zo gida, a shimfiɗa masa tabarma, maza su kewaye shi. Nan zai fara bayani: ba a cika tukunya a jirgi, rabi ake zubawa. Ba ya tuƙa tuwo sai jirgi ya tsaya a Zariya ko Kaduna, inda ake jimawa. Miya kuwa kauri yake ba ta, don kada ta zube a cinyar mutum in an sha kwana. Da azumi ta taga yake duban rana, in ta faɗi ya bi tarago-tarago da bokitin kunu, har da waɗanda ba su sayi komai ba. Mutane su yi ta jinjina kai. Ni ina madafi ina jin su, ina buga ludayi da ƙarfin da ya wuce kima.

Ba shekarar da bai gayyace ni ba. "Talatu, ki zo ki shiga jirgi, ko zuwa Zariya ne, ki ci tuwona yana rawa a faranti."

"Tuwon da daddawata ta gyara? Ina da shi a gida, Yaya."

Sai ya yi dariya ya ce baɗi ma rana ce. Gaskiyar da ban faɗa masa ba ita ce tsoro nake ji. Ina tsoron in zauna cikin baƙi, in kai loma, in tarar ya fi ni. Haka na yi ta ja, har jirgin ya fara kwana a hanya, aka rufe ɗakin abincin, Yaya ya dawo gona. Bai daɗe ba ciwo ya kwantar da shi.

Bana 'yata Bilki ta ɗauke ni zuwa Abuja ganin likitan ido, muka hau sabon jirgi daga Kaduna. Shigata jirgi ta farko ke nan. Ko zama ban gama yi ba na tambayi inda ake girki. Bilki ta ce yanzu wani kamfanin abincin zamani ne ke da wurin, irin masu reshe a kowane babban gari. Na lallaba na je. Ba tukunya, ba hayaƙi, sai kwalaye a jere da wata yarinya mai jar hula.

"Mama, akwai kaza da soyayyen dankali, akwai shinkafa."

Na ce, "Wa ya dafa?"

"Daga kamfani ake kawowa. Mu ɗumamawa kawai muke yi."

Na karɓi shinkafar. Da zafinta, da tsabta, kuma ba laifi a baki, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Na so a ce ba ta ciwuwa. Mutanen da ba su taɓa tare tukunya da gwiwa ba sun gaje wurin ɗan'uwana, kowa na ci yana danna waya, ba mai tambayar hannun da ya dafa. Na yi ta tunanin me Yaya zai ce. Na san shi: zai juya kwalin, ya yaba murfin da ba ya zubar da miya, ya tambayi yarinyar garinsu. Shi ba ya riƙo. Ni ce nake riƙe nawa da nasa.

Wani dattijo da ke kujerar gabanmu ya ji ina mita, sai ya juyo. "Hajiya, ai da kin shiga jirgin da. Akwai wani kuku ɗan wajen Gaya, sunansa ya ɓace mini, amma miyar kukarsa har yau tana bakina."

Wataƙila ma ba Yaya yake nufi ba, kukun jirgi ba ɗaya ba ne. Amma nan take na ji ina kishin dattijon nan. Bai san sunansa ba, bai yi jinyarsa ba, amma yana da wani abu na Yaya da ni ba ni da shi, kuma ba inda zan same shi.

Abin da ya rage na Yaya Sale ke nan, in ban da 'ya'yansa da gonarsa: ɗanɗano a bakin tsofaffin da su ma suna ƙarewa. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini. Ban ce wa dattijon ni ƙanwar kukun ce ba. Na ajiye kwalin, na matso, na ce, "Alhaji, don Allah kwatanta mini miyar nan. Yaya take a baki?"